Ranar da Fankar Rediyo Ta Yi Shiru

Tun kusan makonni uku kafin abin ya faru aka yi wa Alkasum gargaɗi a tsakar gidansa, ya ji da kunnensa, bai gane ba. Ɗiyarsa Najiba ce ta dawo daga aiki, tana wanke hannu a bakin randa, take gaya wa uwarta cewa kwamfutar gidan rediyo ta daina ƙugi, yanzu ɗakin tsit kamar masallaci bayan an watse. Mutumin da ya shekara talatin yana bin sawun shanun sata daga Tajaye har bakin iyaka ya san abin da ya saba kuka ba ya yin shiru haka kawai. Amma na'ura ba saniya ba ce, sai ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Ranar Talata da azahar, a ƙarshen bazara, zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki a inuwa, mai gabatar da shiri Rabilu yana karanta wa manoma irin geron da ya dace a shuka idan ruwan fari ya sauka, sai muryarsa ta yanke. Rediyon ƙarami ne, na ƙungiyar manoman yankin, ɗaki biyu da dogon ƙarfen eriya, amma har Dogarawa ana kama shi. A nan ake cigiyar dabbar da ta ɓata, a nan ake jin mutuwa da suna. Daga ƙaramin ɗakin da kwamfutar take, warin ƙonanniyar roba ya fito.

Darakta Maman Sani, wanda kowa ke kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko, ya kwance murfin akwatin da kansa. A baya, inda fanka take zama tana fitar da iska mai zafi, sai rami. An cire ta.

Mabuɗin ɗakin a hannun Najiba yake. Ita aka kuma ɗora wa duba wata 'yar lamba a gefen allo, mai nuna zafin cikin na'urar, ta rubuta a littafi safe da rana. Aka buɗe littafin. Ashirin da bakwai, ashirin da bakwai, shafi biyu cur babu canji, har safiyar ranar da abin ya ƙone.

Kafin la'asar magana ta kai kasuwa. Wasu suka ce ta kai fankar Konni ta sayar. Wasu suka ce ba ta ko kallon allon, a gida take cika littafin. Mushe ya ce kwamiti ya ba da zuwa Juma'a. In ba a gane wanda ya cire ba, jandarma, jami'an tsaro, za a miƙa wa Najiba.

*

Najiba ɗiyar fari ce. Shekarunta ashirin da huɗu, Alkasum bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. "Yarinyar nan" yake cewa, kamar yadda ubansa ya yi masa. Kuma uba ba ya miƙewa a bainar jama'a yana kare ɗan fari, sai a ce ba shi da kunya. Don haka ya zauna a ƙofar ɗaki da tuwo a gabansa har ya huce, ransa yana tafasa, bai san inda zai sa hannu ba.

Matarsa Hawa'u ta zo ɗaukar kwano, ta ga bai taɓa ba.

"Malam, akuyar kowa a garin nan ka bi sawunta. Ta gidanka ce za ka zauna kana kallo?"

Ya ce mata akuya a ƙasa take takawa. Ɗakin can daɓen siminti ne, kullum ana share shi, me zai bi?

Duk da haka ya sa aka kira yarinyar. Ya juya fuskarsa wajen zana yana tambaya, kamar da zanan yake magana. Ta rantse lambar da ta gani ita ta rubuta. Da ya zo kan mabuɗi ta fara kewaye-kewaye, har ya buga tafin hannunsa a tabarma. Sannan ta faɗa. Sau uku mabuɗin ya bar hannunta a watan. Ran ɗaya ga wata ta ba Mushe, don mai gyara Shamsuddin ya zo daga Konni ya canza wa kwamfutar tsarin da take aiki da shi, saboda tsohon yana yawan kamuwa da cuta daga katunan waya da mutane ke kawowa. Ran biyar ta ba mai gadi Tijjani ya kashe zanzaro. Ran sha ɗaya, Alhamis ɗin da ta raka uwarta wajen likita a Illela, ta bar wa Rabilu. Doka ta hana, shi ya sa ba ta faɗa wa kowa ba.

"Mutum uku," in ji Alkasum. "Kuma ke kaɗai ake kira ɓarauniya."

"Baba, in na faɗa, aikin ne zai tafi."

"Sunanki ne ke tafiya yanzu."

*

Da hantsin Laraba ya je gidan rediyon. Ya ce wa Mushe ya zo ne kamar yadda zai zo wa kowa, ba don abin ya shafi gidansa ba. Mushe ya yi murmushi ya ce ai ba garke ba ne, amma ga ɗaki nan.

Daɓen kamar yadda ya zata, tas. Ya durƙusa a bayan akwatin har gwiwoyinsa suka fara ciwo. Ramin fankar yana da kafofin ƙusa huɗu, a gefen biyu daga ciki an karce fenti da tsinin wani abu siriri. Ba da abin kwance ƙusa aka yi ba, mai yin ya yi ta zamewa. A tsakiyar ramin kuwa gizo-gizo ya yi saƙa, zafin gobarar ya ƙanƙance ta amma ba ta tafi ba, da busassun ƙwari guda biyar a ciki. Gizo-gizo ba ya saƙa a kan abin da ke juyawa, kuma ba ya tara ƙwari biyar a kwana biyu. An daɗe da cire ta. Mako biyu, uku, ko huɗu.

Nan fa abin ya tsaya masa. A daji, kashin shanu da gefen sawu sukan gaya masa jiya ne ko shekaranjiya. Saƙar nan ta ba shi makonni, shi kuwa rana ɗaya yake nema, domin duk ranakun nan uku suna cikin makonnin.

Ya fara da mai wuƙa. Tijjani mai gadi tsohon soja ne, da wuƙa a ƙugu ko masallaci zai shiga. Da ya gane inda tambayar ta dosa, ya zare ta ya miƙa wa Alkasum ta wajen ƙota, ya ce ya je ya gwada. Alkasum ya gwada. Bakin wuƙar ya fi karcen faɗi sau uku, ko cikin kan ƙusar ba ya shiga. Tijjani ya ce shi ranar gidan zanzaro biyu ya fasa a jikin taga ya fito, akwatin nan tsoron taɓa shi yake don an ce wuta na kama mutum. Da aka tambaye shi ko fankar tana aiki ranar, ya ce shi tun da aka harba babbar bindiga kusa da shi a bariki, kunnensa na hagu ado ne.

Rabilu kuwa yana zaune a ƙarƙashin bishiyar bedi da takardunsa, babu shirin gabatarwa. Ya tarbi Alkasum da ladabi, Baba sama Baba ƙasa. Ya ce shi mutumin murya ne, bai san komai a cikin na'ura ba. Ya ce a gaskiya in za a bi, a bi mai gyara, don irin waɗannan mutanen kan cire abu mai kyau a nan su sa wa wani a can. Mushe ma haka ya ce. Alkasum ya ga maganar ta shiga hankali. Wa zai so fanka in ba mai shagon kwamfuta ba?

*

Ranar Alhamis da sassafe ya hau motar kasuwa zuwa Konni. Ta tsaya a Malbaza ana ɗora buhunan albasa, ta sake tsayawa taya ta yi faci. Bai iso ba sai rana ta take.

Shagon Shamsuddin yana wani lungu bayan tasha, cike da buɗaɗɗun akwatuna. Abu na farko da Alkasum ya duba shi ne kayan aikinsa. Abubuwan kwance ƙusa sun fi goma, jere a kwali, kowane da girmansa. Mai waɗannan ba zai karce fenti ba. A kwando kuma ga fankoki tuli, wasu ko buɗe ledarsu ba a yi ba. Tun kafin a gaisa ya san ya ɓata rabin yini a banza.

Shamsuddin bai ji haushi ba. Ya ce ranar da ya bar ɗakin fankar tana nan tana ƙugi kamar injin niƙa, har ya ce a canza ta. Alkasum ya fito da takardar da Najiba ta kwafe masa lambobin, ya ce to wannan fa? Shi karatunsa bai wuce aji huɗu ba, amma ya san sanyin asuba da zafin azahar ba ɗaya ba ne. Ko dutse a bakin hanya yakan canza.

Mai gyaran ya kalli takardar, ya dafe kai. Ya ɗauko wani koren faranti mai ƙananan ƙafafu, ya ajiye a gabansa.

"Baba, wanga shi ne kart-mer, komi a kanshi yake manne. A jikinshi akwai 'yan abubuwa masu jin zafi, da masu ƙirga juyawar fanka, da masu auna ƙarfin wuta. Suna ji, amma ba su iya gaya wa allo da kansu. Sai an sa wani ɗan shiri a tsakani, muna ce mishi pilot. Kamar tafinta yake."

Ya bayyana cewa tsohon tsarin yana da tafintan da kamfanin farantin ya yi masa, in zafi ya yi yawa ko fanka ta tsaya har ƙara yake yi. Sabon tsarin kuwa ba shi da na wannan farantin, domin masu rubuta irinsa mutane ne a ƙasashe daban-daban, sai wanda ya sami lokaci, kuma kamfanin bai ba su bayanin abin da ke ciki ba. Sai ya sa na wani faranti mai kama da shi. Lamba ta fito, ashirin da bakwai, da safe ne, ya ga ta yi daidai, ya kama hanya. Bayan kwana biyu ya gano tafintan yana sauraron wata ƙafa ce da ba a haɗa ta da komai ba. Ko wuta aka cinna wa akwatin, ashirin da bakwai zai ce. Lambar fanka ma haka, a daskare take. Ya ce nan take ya aika wa Mushe saƙon murya, kada a yarda da lambobin sai ya dawo. Ya nuna wayar. Saƙon yana nan, ba a buɗe shi ba.

Alkasum ya ninke takardar. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Amma wannan bai mayar da fanka ba. Ya tambaya ko na'urar ba ta riƙe ranar da aka cire ta ba.

"Da pilot ɗin na gaskiya ne, da na faɗa maka ranar har da minti. Ita ta ji, Baba. Babu dai wanda ya rubuta."

Wannan magana ta fi komai ƙona masa rai. Shaida yana cikin ɗaki, ya ga ɓarawo, an ba shi tafinta kurma. Ya roƙi Shamsuddin ya zo gobe da safe, ya fito ko ruwa bai sha ba.

*

A hanyar dawowa, bayan Dogarawa, direba ya murɗa rediyon mota inda ya saba kama tashar manoma, sai shuu. Ya yi tsaki ya kashe. Wani fasinja ya ce shi har ƙugin nan da ke bayan muryar masu magana yake kewa, wanda matarsa ke cewa kamar ana niƙa a ɗakin.

Alkasum ya miƙe zaune. Ƙugi. Shamsuddin ya faɗa, ga wannan ya faɗa, ga kuma yarinya a bakin randa tana cewa ɗakin ya yi tsit. Ɗakin kwamfuta da ɗakin magana katako ne kawai a tsakaninsu. Fankar ba ta taka ƙasa ba, amma kullum tana shiga makirufo.

Bai je gida ba, ya wuce teburin Ashiru mai shayi. Kowa ya san Ashiru yana naɗar shirin la'asar a wayarsa kullum, don ya sake kunna wa masu dawowa daga gona. Ashiru ya ce rediyo ya mutu, shi kuma yana neman tsohon labari, ko cigiyar rago ce ta wuce shi? Alkasum ya ce ya dai kunna, ya riƙa karanta masa ranaku.

Ya rufe ido, ya kanga wayar a kunne. Bai saurari kalma ko ɗaya ba, abin da ke ƙarƙashin kalmomin yake bi. Ran biyu ga wata, ƙugi yana nan. Shamsuddin ya fita daga zargi. Ran shida, yana nan. Tijjani ya fita. Ran tara, ran goma, yana nan, har da wani ɗan kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani. Ran sha ɗaya, muryar Rabilu ta fito ita kaɗai, fes, babu komai a bayanta.

Ya sa aka maimaita sau uku. Shayin da Ashiru ya zuba masa ya huce a kan tebur.

*

Da hantsin Juma'a aka taru a rumfar gidan rediyo. Mushe da dattawan kwamiti huɗu a kan benci, Tijjani a tsaye, Rabilu da takardunsa, Shamsuddin da ya sauko daga motar farko. Najiba tana gefe, kanta a ƙasa. Ashiru ya rufe teburinsa ya zo da waya.

Alkasum bai yi dogon bayani ba. Ya sa aka kunna na ran goma, sannan na ran sha ɗaya. Ya juya wajen Rabilu ya ce shi da yake gwanin murya, wanne ya fi fita?

"Na biyun mana, Baba," in ji Rabilu. "Ka ji shi tsaf."

"Mi ya sa ya yi tsaf?"

Alkasum ya ce ranar Alhamis ce, sha ɗaya ga wata. Ranar nan wadda ake zargi tana Illela da uwarta tun safe har magariba, takardar likita tana aljihunsa. Ya tambayi wanda ya riƙe mabuɗi. Tijjani ya ce kunnensa ne ya mutu, idonsa lafiya lau, ya ga wanda ya buɗe ɗakin.

Rabilu ya ajiye takardunsa a kan cinya. Ya ce ba sata ya yi ba. Wata babbar tasha a Tawa ce ke neman mai gabatarwa, ya aika muryarsa sau biyu ana dawo masa da ita, wai da hayaniya a ciki. Ranar da ya sami mabuɗi ya kwance fankar da tsinin almakashi, da niyyar ya naɗi shiri ɗaya ya mayar.

"Na zauna awa guda ina kallon allo. Ashirin da bakwai. Lambar fanka ma tana nan kamar tana juyawa. Na ce ashe ba ta da aikin komi sai surutu."

Washegari ma ya leƙa, lamba ba ta motsa ba, mutane kuma suka fara yabon yadda muryarsa ta fito. Sai ya bar ta a kwali a saman kabad. Da abin ya ƙone, tsoro ya kama shi.

Mushe ya gyara zama ya ce to an ji, amma ita ma mai mabuɗi ta karya doka, kuma mai hankali zai ga lamba ɗaya wata guda ya yi tambaya. Shamsuddin ya ce gaskiya ne, ya kuma roƙi Mushe ya buɗe wayarsa ya duba saƙon ran uku ga wata. Mushe ya duba, ya kunna. Muryar Shamsuddin ta cika rumfar tana cewa kada a yarda da lambobin. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya kalli sama.

Alkasum ya miƙe.

"Kwana uku ana kiran ta ɓarauniya a kasuwa, kai kana zaune ƙarƙashin bedi, kai kuma da saƙo a aljihu. Najiba abin da aka nuna mata ta rubuta. Najiba ba ta ɗauki komi ba."

Ta ɗago kai. Tunda take ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Dattawan suka sunkuyar da kai don kunyar abin.

Kwamiti ya janye maganar jandarma. Aka ce batun mabuɗi da batun Rabilu sai an sake zama. Aka tura Tijjani ya sauko da kwalin daga saman kabad. Ƙusoshi huɗu ne a ciki, babu fanka. Rabilu ya rantse a nan ya bar ta.

Alkasum ya so a sanar da gari. Sai ya tuna da rediyo ake sanarwa, shi kuwa ya mutu. Mutum goma sha ɗaya ne suka ji a rumfar, waɗanda suka ji ɗaya maganar kuwa sun kai har Dogarawa. Da yamma Hawa'u ta dawo daga rijiya ta ce wata mata ta tambaye ta ko an saki yarinyar.

Har yau ba a san wanda ya ɗauke fankar daga kwalin ba. Ba a san ranar da rediyon zai dawo ba, kuma Shamsuddin ya ce bai san ko farantin da za a samo zai sami tafintan da ya dace da shi ba. Ko Najiba za ta koma aikinta, kwamiti bai ce ba tukuna.